Jikata Ta Yi Wa Akadiyawa Kuka

Jikata Hanifa ce ta fama mini wannan tsohon miki, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Makarantarsu ta kwashi 'yan ajin koyon Faransanci ta kai su Faransa ziyarar gani da ido, suka dawo, aka aiko mini in taho Manchester in sha labari. Na kulle ɗakina a unguwar Erdington ta Birmingham, na hau jirgin ƙasa da ƙullin dambun nama da ciwon gwiwata, na isa gidansu a Rusholme da azahar, manyan bas-bas suna ta gurnani a bakin titi kamar kullum. Ko hijabi ban cire ba yarinyar nan ta tare ni da waya a hannu. Nana take ce mini, ba don sunana ke nan ba, haka yaran garin nan suke kiran kakanninsu, na yi faɗan har na gaji na bari.

"Nana, kin taɓa jin labarin Acadians?"

Na ce ban taɓa ba, kuma a bar ni in yi salla tukuna, ko su wane ne ba za su gudu ba.

Bayan na idar muka zauna cin abinci, ni da ita da uwarta Rukayya da ubanta, ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, Likita nake ce masa tun kafin ya zama likitan. Hanifa ta shiga zubo bayani da Hausarta mai ɗingishi, rabi Turanci. Abin da na tsinta shi ne, Akadiyawan nan Faransawa ne manoma da suka ƙetare teku tun zamanin da, suka zauna a gaɓar Kanada. Ƙasar da suka samu fadama ce mai gishiri, sai suka haɗu suka yi mata ganuwar laka don kada teku ya shigo, suka noma ta, suka hayayyafa. Daga baya sojojin Ingila suka tashe su, suka cinna wa gidajensu wuta, suka zuba su a jiragen ruwa aka watsa su duniya. Wasu a nan Liverpool aka tsare su, wasu aka mayar da su Faransa aka gina musu gidajen gona. Ɗaya daga cikin gidajen ne aka mayar gidan tarihi, shi aka kai su Hanifa suka gani. Ta nuna mini hotuna: ga wata mata ta sa kayan gargajiyarsu tana kaɗa madara, ga murhun itace, ga rijiya, ga jikata ta riƙe guga tana washe baki kamar wadda aka ba kyautar mota. Yarinyar da in ka ce ta miƙo maka ruwa a kicin sai ta ce tana zuwa, ita ce ta bi layi don a ba ta dama ta ja guga.

Da ta zo kan korar sai idonta ya ciko. Ta ce, "Nana, it's so unfair. An raba iyali, wannan jirgi daban, wancan daban. Duk ajinmu sai da muka yi kuka. Ki yi imagining a ce an zo an ce ki bar garinku, kuma ba za ki sake ganinsa ba har abada."

Na ajiye cokali na dube ta. Na juya na dubi ubanta. Shi kuwa ya duƙufa kan tuwonsa kamar an ba shi aikin ƙirga zaren kuɓewar da ke cikin miya. Wai ni ake cewa in kwatanta a raina.

Garin da aka haife ni yana bakin kogi ne, a cikin wani kwari mai sanyi, kuma mu ma mutanen fadama ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kamanninsa ba ne, sautinsa ne. Da asuba kafin ka buɗe ido za ka ji kukan jigo daga lambu, itacen yana ƙara duk lokacin da aka sauke guga aka ɗago, wannan ya yi, na maƙwabci ya amsa. Hantsi ya yi sai luguden daka ya karɓa, gida gida, har kana iya gane hannun kowace mace daga yadda taɓaryarta take sauka. Lokacin rake kuwa akwai dokin da ke zagaya injin matsa, da ƙamshin mazarƙwaila da ke bin iska har cikin ɗakuna, ya kama zane, ya kama gashi. Da yamma kwaɗi su ɗauka. Ban taɓa sanin abin da ake kira shiru ba sai da na zo ƙasar nan. Farkon zuwanmu ni da marigayi maigidana, muna wani flat a Ladywood, na samu ɗan ƙaramin turmi na daka yaji da rana tsaka, washegari maƙwabciyata ta ƙasa ta kai ƙarata council wai ina fasa gini. Tun daga ranar na koma injin niƙa mai kukan sauro, yajin ma ba ya daɗi.

Aikin yarinya a garinmu ba ya ƙarewa, kuma ba wanda yake ɗaukar hotonki don kin yi. Ɗiban ruwa, korar tsuntsu a gonar shinkafa da gwangwani da tsakuwa, tsinkar yakuwa, ɗaurin albasa har idonki ya yi ja. Amma babban aiki shi ne gyaran ganuwa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka ake yin gayya, duk garin ya fita a ɗaga ganuwar lakar da ke tsakanin kogi da gonaki, don in ya cika ya yi fushi kada ya share shuka. Maza suna haƙa, mata suna jido a kwando, mu yara muna tattakewa da ƙafa, makaɗi yana gefe yana zuga mu. Iya, kakata da ta raine ni, takan tsaya a kaina da zanenta ɗaure a ƙirji tana cewa, "Taka da ƙarfi mana, ke amarya ce? Inda kika yi wa lallashi ta nan ruwa zai shigo, kuma kowa zai san ƙafarki ce." Ranar nan Hanifa ta ɓata lokaci tana yi mini bayanin yadda Akadiyawa suke haɗuwa su gyara ganuwarsu, har tana zana mini da yatsa a kan tebur, tana tambayata ko na gane. Na gane, 'yar nan. Har yau in sanyi ya yi ƙafata tana tuna mini.

Wata shekara da rani sai ga wasu mutane da huluna masu faɗi da wani madubi mai ƙafa uku. Suna leƙawa, suna ɗaga hannu, suna shafa jan fenti a jikin bishiyoyi da katangu. Mu yara muka bi su muna murna, mun samu abin kallo. Ba a jima ba mai gari ya tara dattawa a ƙofar gidansa ya ce gwamnati za ta datse kogi, ruwa zai cike kwarin nan gaba ɗaya, an tanadar mana wuri a kan tudu. Ba wanda ya yarda. Baffana ya ce kogin da suka sha tarewa da kwando da ƙafar yara, ta ina zai hau kan rimin kasuwa? Aka yi dariya aka watse, aka ci gaba da shuka albasa.

Ranar da motocin katako suka zo aka daina dariya. Ba a ƙona mana gida ba, ba kuma wanda ya nuna mana bindiga, gara in faɗi gaskiya. Mu da kanmu muka kware jinka, muka ciro ƙyaure da azara, muka kwashe rumbu. Awaki suna kuka, kaji a ɗaure, tukwane suna fashewa tun kafin mota ta tashi. Abin da ba a gaya mana ba shi ne ba wuri ɗaya za a kai mu ba. Sabon matsugunin ba zai ɗauke mu duka ba, sai aka raba garin, unguwar gabas nan, unguwar yamma can ƙetaren ruwa. Ƙawata Dije, wadda muke kwana tabarma ɗaya, muke cin tuwo ƙwarya ɗaya, gidansu yana bayan namu da katanga ɗaya tak, amma katangar ce ta zama iyaka. Ina kan buhun dawa a motarmu, tana kan gadon uwarta a tasu, ta ɗago mini hannu ta ce, "Sai ranar kasuwa!" Wace kasuwa? Ban sake sa ta a ido ba. Na ji an ce ta yi aure a wajen Gombe, na ji an ce ta rasu, ban san wanne ne gaskiya ba, wataƙila duka.

Sabon garin layi-layi aka yi shi kamar barikin soja, ba inuwa, ƙasa duk tsakuwa, rijiya mai zurfin da sai igiya ta yanke miki hannu kafin ki ga ruwa. Mutanen da suka ƙware a albasa da rake da shinkafa aka ce su shuka gero su jira sama. Baffana da ba ya zama ko na minti ɗaya ya koma zaman bakin masallaci. Samari suka gudu birni. Iya ta daina faɗa, abin da ya fi komai tsorata ni, domin matar da ba ta iya ganin tsintsiya a yashe ba ta yi magana ba sai ga ta tana wuni tana kallon bango. A cikin wannan hali ne aka ce ana ɗibar 'yan mata daga garuruwan da aka tasa a kai su makarantar kwana, aka sa sunana. Ta nan na zama ma'aikaciyar jinya, ta nan na haɗu da maigidana, ta nan na zo Birmingham. Ban manta da wannan ba, kuma ban raina ba.

To mu ma an kai mu ziyarar gani da ido, kada Hanifa ta zaci a kansu aka fara. Muna aji na tsakiya malamin labarin ƙasa ya ce za a kai mu mu ga babban aikin ci gaba. Muka wanke fararen kayanmu muka goge da dutsen guga na gawayi, aka raba mana burodi da kifin gwangwani, muka cika mota muna waƙa. Ban san inda za mu ba sai da hanya ta karkata na hango wani dutse mai kama da raƙumi a durƙushe, wanda muke hawa mu tsinko kanya. Nan take na daina waƙar. Aka sauke mu a kan madatsar, doguwa, mai faɗi, mota tana iya bi ta kai. Gaba gare mu ruwa ne iya ganin ido, yana ƙyalli, kwale-kwalen masunta suna yawo a kai. Wani injiniya da hular kwano ya yi ta bayani da Turanci, 'yan mata suna rubutawa. Da ya gama malaminmu ya gyara tsayuwa ya buɗe hannu ya ce, "Ku duba da kyau. Kafin a yi wannan aiki, ba komai a wurin nan sai daji da sauro."

Can tsakiyar ruwa akwai wasu busassun rassa da suka leƙo, belbelu sun yi fari fat a kansu. Na san rassan nan. Na san wanda ya karkata gabas, domin a ƙarƙashinsa mai ƙosai take zama. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

"Malam, wancan rimin kasuwarmu ne."

"Me kika ce?"

"Garinmu ne a ƙasan nan, Malam. Gidanmu yana bayan rimin, kusa da masallaci."

Wata 'yar birni a bayana ta ce, "Kasuwar kifi ke nan," aka kwashe da dariya har da injiniyan. Malam bai yi dariya ba, ya dai haɗe rai ya ce ba tatsuniya muka zo saurare ba, in koma layi. Kafin mu isa makaranta an raɗa mini suna 'Yar Ruwa, kuma sunan ya bi ni har na gama. In na makara a ce daga ƙasan kogi na taso, in na yi wanka a ce na je gaishe da dangi. Aka ce kowa ta rubuta amfanin madatsar ruwa. Na rubuta jigo da ganuwa da Dije. Takardar ta dawo da jan biro, wai ba abin da aka tambaye ni ke nan ba.

Ba na jayayya da amfanin madatsar. An samu tumatir da rani, birni ya sha ruwa, mutane da yawa sun ci abinci ta dalilinta. Ba kuma ina kishi da Akadiyawa ba ne, wahalar da suka sha ta fi tamu nesa ba kusa ba. Abin da yake ƙona mini rai shi ne, su an gina musu gidan tarihi, an kafa allo, an ɗauki mace aiki ta sa zanen kakanninsu tana kaɗa madara, ana kwaso yara daga wata ƙasa su zo su yi musu kuka. Mu ko ɗan allon katako mai ɗauke da sunan garin ba a kafa a bakin ruwan ba. Kuma jikata ta cikina sai da ta ƙetare teku kafin ta ji cewa ana tayar da mutane daga garinsu, alhali kakarta tana nan Erdington, jirgi ɗaya ne tsakaninmu, tana hira da akwatin talabijin don ba mai saurare.

Ba wai ban gwada ba. Tun Likita yana ƙarami nake ɗauko zancen, duk da kunyar ɗan fari da ta sa hirarmu ba ta tsawo. Yana yaro in na fara a cikin bas sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Mum, not again," don kada abokansa su ji ana Hausa. Da ya girma ya samu ladabi sai ya canza salo, ya koma cewa, "Hajiya, abin ai ya wuce, Allah ya musanya da mafi alheri." Wa zai yi musu da addu'a? Sai in ce amin in ja bakina.

Ranar nan a kan tebur ban ja ba. Na ce, "Hanifa, ajiye wayar nan ki ji." Ubanta ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, da kin bari ta gama homework ɗin, wannan yana cikin exam ɗinsu." Rukayya, baiwar Allah, ta miƙe tana tambaya ko a ƙaro mini miya. Na ce ba miya nake so ba, kunne nake so, kuma wanda ya gaji yana iya tashi. Ba wanda ya tashi. Na faɗa wa Hanifa duka, tun daga jan fenti har zuwa rassan rimi. Ta saki baki tana kallona. Na ce a raina, alhamdu lillahi, yau dai an samu wanda ya ji.

Ina rufe baki ta ɗauki wayar. Ta tambaye ni sunan garin, ta rubuta, ta sake rubutawa da wasu haruffa, ta jujjuya taswira da yatsa biyu. Ta ce, "Nana, babu shi. Blue ne kawai."

"To da me kike so ki gani? Ai na gaya miki ruwa ne."

"Akwai hoto?"

"Wa yake da abin ɗaukar hoto a garinmu?"

Sai ta ce tana so ta sa labarin a cikin aikin da za ta gabatar a aji, ta kwatanta da na Akadiyawa, amma Miss, malamarsu, ba ta karɓar abu sai da source. Na ce mene ne kuma source? Ta ce littafi, ko shafin intanet, ko gidan tarihi, wurin da za a duba a tabbatar. Na ce, "Ni ce source ɗin. Ki gaya wa Miss ɗin tana iya zuwa ta duba ni, ina nan da raina, har lambar bas zan ba ta." Rukayya ta toshe baki da mayafi tana dariya. Hanifa ta ce za ta tambaya, amma ba ta jin zai yi counting. Na tashi na tafi alwalar la'asar, don in na ƙara minti ɗaya a wurin zan faɗi abin da ba a faɗa wa jika.

Washegari da hantsi Likita ya ɗauke ni a mota zai kai ni tasha. Muna tafe, mai goge gilashi yana kai da komo saboda yayyafi. Da muka isa ya tsaya a inda ake sauke fasinja, wurin da ba a yarda mota ta daɗe ba. Na tattara jakata, na kama murfin ƙofa. Sai na ji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hajiya, ita mahaifiyarki, a ina aka binne ta?"

Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwar ƙanena ina ƙarama, wannan ya sani. Abin da bai taɓa tambaya ba ke nan, shi da furfura ta fara fito masa a gemu.

Na ce, "A maƙabartar garinmu, bayan masallaci. Ita da jaririn."

"Ba a kwashe su ba?"

"Wa zai kwashe? Da kyar aka kwashe masu rai."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Motar da ke bayanmu ta danna ham, wani ma'aikaci mai koriyar riga ya nufo mu yana nuni da hannu mu matsa. Na ce, "Kai yanzu duk shekarun nan ba ka tashi tambaya ba sai yau, a bakin tasha, jirgi yana shirin tashi, ana yi mana ham?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Yaya sunanta na gaskiya? Ni Inna kawai na sani."

Na saki murfin ƙofar, na mayar da jakar kan cinyata. Na ce, "Ja motar nan ka nemi inda ake ajiyewa, ka kashe ta. Kuma ka kashe wayar nan taka ma."

Jirgin ya tafi ba ni.